Rabin Waƙar Babana

Wata bakwai na yi a birnin New York ban ga New York ba. Abin da na sani shi ne kicin ɗin Anti Fibi, da injin wanki, da taga ɗaya mai kallon bangon maƙwabta. Ita ce ta kawo ni daga gida da alkawarin karatun nas, ta tsaya gaban jama'a a coci ta ce ni ƙanwarta ce cikin Ubangiji. Da muka iso sai ta karɓi fasfona wai za ta ajiye mini, ta miƙo mini 'ya'yanta uku. Duk sanda na ɗauko zancen makaranta sai ta ce in yi haƙuri, a ƙasar nan ba a gaggawa. Ranar da na gane babu wata makaranta ban yi kuka ba. Na jira ta tafi aiki, yara suka fita, na buɗe durowar da nake gogewa kullum na ɗauki fasfona. Sai da na wanke kwanonin karin kumallo tukuna na fita, don kada a ce Ladi ta gudu ta bar wanke-wanke.

Wani direban tasi ɗan Gana da ke kawo Anti gida ya taɓa ce mini in ina neman Hausawa in je Fordham Road. Can na nufa. Lokacin sanyi ya fara shiga, ni kuwa rigar sanyin da ke jikina ta 'yar Anti ce, hannunta bai kai mini wuyan hannu ba. Na yi ta kai da kawowa a titin nan da jakata, kiɗa na tashi daga kowane shago, kowa na sauri kamar an biyo shi. Ƙafafuna sun fara mutuwa sai na ji wata mata a gaban tebur na gyale da turare da man kaɗanya tana faɗa a waya, da irin Hausar da ake yi a kasuwarmu. Na tsaya kawai ina kallonta, hawayen da suka ƙi zuwa da safe suka zo.

Ta kashe wayar ta dube ni.

"Ke, lahiya? Mi ya same ki?"

"Sannu da aiki, Hajiya."

"A'a, ashe tamu ce. Mi sunanki?"

"Ladi."

"Ɗiyar wa?"

"Ɗanjuma. Daga ƙasar Malumfashi."

"Ai Malumhwashi gida ce, kakata Bakatsiniya ce. Zamna nan, ki riƙe wanga shayi."

Sunanta Hajiya Mariama, mutuniyar Maraɗi. Ba ta tambaye ni komai ba sai da na shanye shayin, sannan na ba ta labarin Anti Fibi, tana ji tana girgiza kai.

Ya kamata in yi bayani a nan. Mu a ƙauyenmu Hausawa ne gaba da baya, kakanninmu Maguzawa ne, iyayenmu suka zama Kirista. Sunayenmu Ladi da Talatu da Ɗan'asabe, muna sallama, muna cewa in Allah ya yarda, muna ɗaura ɗankwali kamar kowa. Babu wani abu a bakina ko a jikina da zai nuna wa Hajiya cewa babana katikis ne, wato shi ke koyar da addini a ƙaramin cocin Katolika na ƙauye, shi ke jan sujada in Fada, limamin cocin, bai zo ba. Ita dai ta ji Hausa, ta ji Malumfashi, magana ta ƙare.

Da la'asar ta yi, ta shimfiɗa kwali a bayan tebur ta yi salla. Da ta idar ta ce, "Ke kin yi?"

Na ce a'a. Wannan gaskiya ce.

"Kina hwashin salla ne?"

Na dubi titin, na dubi hannayena da suka yi fari fat don sanyi, na gyaɗa kai.

Da wannan ɗan gyaɗa kai na samu ɗaki a Concourse Village, hawa na goma sha ɗaya. Ƙaramin ɗaki ne da Hajiya ke tara kwalayen hajarta, ta sa aka ture su gefe aka sa katifa. Tare da ita akwai Balki, 'yar ƙanwarta, mai aikin kula da tsofaffi. A sati na farko Hajiya ta ba ni rigar sanyi ta gaske, da hijabi biyu, da darduma koriya da ta ce daga Makka ta zo da ita. Na sa hannu biyu na karɓa na yi godiya. Carbina mai gicciye kuwa na cusa shi cikin safa, na tura can ƙasan jaka.

Kowace asuba sai ta ƙwanƙwasa mini ƙofa. "Ladi, salla." In tashi in shiga bayi in saki ruwa ya yi ta zuba, in dawo in rufe ɗaki, in durƙusa a kan dardumar in yi irin tawa addu'ar a ɓoye. Azumi ya zo na yi tare da su, wannan bai ba ni wuya ba. Ranar Salla na ce ciwon mara ya kama ni. Coci kuwa ko hanyarsa ban bi ba, don titunan unguwar nan cike suke da idon mutanen Hajiya. Da farko na ce zan gaya mata in sanyi ya wuce. Sanyi ya wuce, ta riga ta fara kirana ɗiyata, tana ajiye mini ƙanzon tuwo don ta lura ina so. Kullum maganar sai ƙara nauyi take yi. Na yi wankin gidan Anti Fibi wata bakwai, amma bai gajiyar da ni kamar wannan ɓoyon ba.

Balki ce ta samo mini aiki a gidan da take yi, a Port Richmond, can Staten Island. Daga gidanmu sai ka shiga jirgin ƙasa ka bi Manhattan tun daga kai har ƙafa, ka hau jirgin ruwa, ka sauka ka jira bas. Awa biyu zuwa, awa biyu dawowa. Na koyi barci a tsaye, na koyi cin abinci ina tafiya, abin da a gida in ka yi sai a ce ba ka da tarbiyya.

Tsohon da muke kula da shi sunansa Mista Dominik, jikan mutanen Italiya ne, ya haura tamanin. Shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, magana ma ta gudu. 'Yarsa Anjela ce ta ɗauke mu, tana aiki a asibiti, ta maƙala kyamara a saman talabijin tana kallon uban ta waya. Balki na yin safe, ni in karɓa da ƙarfe biyu, amma sai mun yi masa wanka mun juya shi tare kafin ta tafi, don mutum ɗaya ba ya iya ɗaga shi.

Ran farko Balki ta ja mini kunne. "Yana da wata waƙa tasu ta coci. In ya hwara kar ki tsorata. Layi guda yake yi sai ya mance sauran, ya yi ta kallon mutum, daga nan ya yi hushi ya ƙi cin abinci. Ki dai lallashe shi."

Anjela ma ta yi mini bayani da Turanci. Ta ce a ƙuruciyarsa shi ke jan mawaƙa a cocinsu, zamanin da ake yin komai da harshen Latin. Ta ce likita ya ce ƙwaƙwalwa ce ke cinyewa. Ta sha kunna masa waƙar a waya don ta tuna masa, sai ya ture wayar ƙasa.

A kwana na uku ina ba shi dankalin da na murƙushe, sai ya kawar da kai daga cokali, ya ɗaga hannunsa mai lafiya, ya buɗe baki. Murya ce ta tsufa, tana rawa, amma kafin ya kai rabin layin cokalin ya riga ya faɗi daga hannuna.

Waƙar babana ce.

Baba ya koye ta ne wurin Fadojin farko, Turawa, tun yana saurayi. Waƙar yabon Ubangiji ce da aka yi ta rerawa shekaru aru-aru, da harshen da yanzu ba mai ciniki da shi a kasuwa. Ba ganga, ba tafi, ba wurin taka rawa. Murya ce kawai take hawa a hankali, ta ɗan tsaya, ta sauko, daidai tsawon numfashin mutum. Zuwa lokacin da na yi wayo cocinmu ya koma waƙar Hausa da kalangu, mata na cewa waƙar Malam Ɗanjuma ta fi kama da ta makoki. Shi kuwa ko a jikinsa. Ranar da aka gama zuba hatsi a rumbu sai ya yi ta, haka ranar ƙarshe ta shekara, haka in wata mata ta sauka lafiya bayan doguwar naƙuda. Latin ɗin bai iya ba, amma ya san abin da take faɗa. Ya ce mana sama da ƙasa ne suke yabo, da mala'iku, da annabawa, da waɗanda aka kashe don bangaskiya, daga ƙarshe kuma mutum ya roƙi jinƙai.

Abin da Balki da Anjela da likitansu ba su sani ba shi ne, wannan waƙa mutum ɗaya ba ya yin ta. Ɓangare biyu ake rabuwa. Wannan ya yi layi ɗaya ya yi shiru, wancan ya amsa da na biyu, haka har ƙarshe. A gidanmu Inna ta ce ita harshenta ba zai karye a banza ba, yayyena maza suka tsere gona, ni aka kama. Muna ɓarar gyaɗa a tsakar gida Baba zai yi nasa layin, ya nuna ni da haɓa, in yi nawa. In na yi gaggawa sai ya ce, "Ladi, ba kora ake yi ba, bari nawa ya sauka ƙasa tukuna." Bai taɓa koya mini nasa rabin ba, ya ce ba aikina ba ne. Ya rasu ina wata na huɗu a gidan Anti Fibi, sai bayan sati biyu ta gaya mini, wai don kada in ruɗe in bar yara.

Mista Dominik ya kai ƙarshen layin, ya juya tafin hannunsa sama, ya miƙo shi wajena. Ba mantuwa ya yi ba. Jira yake a amsa masa. Shi ya sa yake ture wayar, don ita ba ta jiran kowa, tana cinye nasa layin da na wancan ɓangaren gaba ɗaya.

Layi na biyu ya taso mini har maƙogwaro. Na ɗaga ido na ga kyamarar a saman talabijin. Anjela ba ta riƙe magana, in ta ji daɗi sai duniya ta ji, kuma Balki ce za ta fara ji da safe. Na tuna hawa na goma sha ɗaya, da katifata a tsakanin kwalaye, da ƙanzon tuwo. Na sunkuya na ɗauki cokalin, na goge masa baki, na ce ya yi haƙuri ya ci abinci. Hannun ya daɗe a miƙe kafin ya sauke shi.

Wata huɗu muna haka. Wani satin sau biyu, wani satin kullum. Ya yi layinsa, ya miƙo hannu, ni kuma in gyara masa matashi ko in tashi in duba abin da ba ya kan wuta. Na san abin da nake hana shi, wannan ne ya fi ci mini rai. In na hau jirgin ruwa da yamma sai in fita waje inda iska ke da ƙarfi, in yi nawa rabin cikin hijabi, ina barin gurbin nasa. Sai in shiga jirgin ƙasa in yi barci da ciwon kai.

Da kaka ta shigo ya daina cin abinci. Nas ɗin da ke zuwa duba shi ta ce kwanaki ne suka rage. Anjela ta ɗauki hutu ta tare a gefen gadonsa, Fada ya zo ya shafa masa mai ya tafi. Kwana huɗu ko tari bai yi ba.

Ranar Laraba da ƙarfe biyu, ni da Balki mun gama juya shi, ina gyara zanen gado, sai muryar ta fito. Ta yi siriri ƙwarai, sai ka matso za ka ji. Ya ja layin har ƙarshe da ƙyar. Hannun bai iya ɗagawa ba, a kan bargo ya juya shi, tafin ya kalli sama. Ya dubi 'yarsa. Ya dubi Balki. Sannan ya dube ni, ba tare da wani sa rai ba, don na riga na koya masa cewa ba na amsawa.

Ban san yadda Baba ya cika ba, ba wanda ya gaya mini. Amma a lokacin abin da ya zo mini shi ne, wataƙila shi ma ya yi nasa layin a kan tabarma ya nuna da haɓa, babu kowa a wurin.

Na bari nasa ya sauka ƙasa tukuna, sannan na amsa.

Ya rufe ido. Ya ja numfashi ya ɗauki layi na uku, wanda Anjela ta ce shekara biyu ba ta ji daga bakinsa ba. Na ba shi na huɗu. Waƙar tana da tsawo, muka yi ta miƙa wa juna. A tsakiya muryarsa ta ƙare, sai leɓe kawai ke motsi, ni kuma ina kallon leɓen, in sun tsaya in ɗauka. Akwai wani layi can gaba inda ake durƙusawa. Ban yi shawara da gwiwoyina ba, kawai na ji ni a ƙasa, da hijabin Hajiya a jikina. Da muka kai ƙarshe hannuna ya yi alamar gicciye kamar yadda ya saba tun ina yarinya.

Anjela tana kuka tana riƙe ni tana tambayar inda na koya. Na ce wurin babana. Da na waiga, Balki ta riga ta rataya jakarta.

"Sai kin iso gida," ta ce, ba ta dube ni ba.

Tafiyar awa biyun nan ban taɓa son ta yi tsawo ba sai ranar. Na tarar da Hajiya a falo tana ninke gyale, ta kashe talabijin, abin da ba ta yi.

"Zamna. Balki ta hwaɗa mini wata magana. Gaskiya ce?"

"Gaskiya ce, Hajiya."

"Tun yaushe?"

"Tun haihuwa. Babana katikis ne."

"Ruwan da nika ji kina zubawa da asuba hwa?"

"Ruwa ne kawai, Hajiya."

"Dardumata?"

"Ina durƙusawa a kai in yi addu'ata."

"Ɗauko mini ita."

Na ɗauko. Ta karɓa ta ninke ta ɗora a cinya, ta daɗe tana shafa ta.

"A Maraɗi maƙwabtanmu 'yan mishan ne, tare munka girma, tuwonmu na shiga gidansu nasu na shigowa namu. Da kin hwaɗa mini ran nan a bakin tebur, shayin nan dai shi za ki sha. Amma kinka dube ni kinka ga macen da za ta bar ɗiyar mutane cikin sanyi. Shekara guda ina buga miki ƙohwa, ina roƙon Allah ya ƙara miki son salla, ke kina ciki kina zubar mini da ruwa. Kin maida ni sakarya a gidana, Ladi."

Na durƙusa na ce ta yafe mini, ta tashi ta shiga ɗakinta.

Mista Dominik ya rasu ranar Juma'a, bai sake waƙa ba. Aikin ya tafi tare da shi. Anjela ta roƙe ni in rera waƙar a wurin jana'iza, na ce mata ba zai yiwu ba, rabi gare ni. A gida kuwa ba mai yi mini magana. Abinci dai ina samun nawa a rufe a kicin, amma da asuba ba a buga ƙofa. Sai in farka da kaina daidai lokacin, in kwanta ina jin Hajiya tana alwala. Na tambayi wata mai kitso 'yar Kumasi ko ta san inda ake ba da ɗaki, ta ce za ta duba. Ranar Asabar na haɗa kayana, na ninke hijabai biyun na ɗora a kan kwali. Na gaji ƙwarai, irin gajiyar da ko tsoro ba ka iya ji sosai.

Lahadi da ƙarfe bakwai na safe aka buga ƙofa, bugu uku irin nata.

"Ladi."

Na buɗe. Ta dubi jakar da ke tsakiyar ɗaki, ta dubi hijaban, ta dube ni.

"Ba yau ce ranarku ba?"

"Ita ce, Hajiya."

"To mi kike jira? Shekara guda kina cin tuwona ba ki taka wurin ibadarku ba. Ni a gidana ba a zama babu ibada. Na tambayi matar nan mai saida mangwaro kusa da teburina, ta ce akwai irin taku nan bayan kotu, ƙarhe tara suke hwarawa."

Na buɗe baki, ta ɗaga mini hannu.

"Ban huce ba, kar ki yi mini godiya. Balki ta ce rabin waƙa gare ki. Tahi ki nemo masu ɗayan rabin." Ta juya za ta tafi, sai ta tsaya ta nuna jakar da ƙafa. "Kauda wagga daga hanya. In kun tashi ki biyo mini da albasa, ta ƙare."

Na zazzage safar na ciro carbina, na sa shi a aljihun rigar sanyin da ta ba ni. A cocin da na je da jita suke waƙa, ba wanda ya san ta Baba, har yau ban sami mai ɗayan rabin ba. Dardumar ma ba ta dawo mini da ita ba. Amma albasar na sayo, kuma da na buga ƙofa ita ce ta buɗe.